Ranar Da Murhun Uniam Ya Durƙusa

Wata huɗu cur Pinamen ta yi ba ta taka daji ba. Tun da likitoci suka sa mata ƙarfe a ƙugu, 'yarta Nishapet, wadda take aikin jinya a ƙauyensu na Sheshatshiu, ta gindaya mata dokoki: ba hawa babur ɗin ƙanƙara, ba ɗaukar gatari, ba durƙuso. Matar da aka haifa a cikin tanti, ita ma ta haifi uku a cikin tanti, ga ta yanzu a kujera gaban talabijin da bargo a ƙafa. Shekararta sittin da bakwai, amma ana lallaɓa ta kamar mai ɗari.

Wata Talata cikin watan Maris aka kira Nishapet wani kwas na kwana uku a birni. Ko awa biyu ba a yi da tafiyarta ba sai ga ƙarar babur a ƙofar gida, sai ga murya.

“Ke gurguwa! Kina da sauran numfashi, ko in biya coci in kira fada?”

Uniam ne, ɗan kawunta, taubashinta tun suna tsirara. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, ita kuwa mijinta ya shekara tara a ƙasa, kuma duk tsawon wannan lokaci ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da an zagi juna ba.

Pinamen ta leƙo ta taga. “Tsohon banza, wa ya kwance ka yau?”

“Ɗauko safarki. Tafki za mu.”

A bayan babur ɗin akwai doguwar amalanken katako irin wadda ake ja a kan dusar ƙanƙara, an shimfiɗa fatun barewa a ciki. A kan fatun kuwa ga yayarta Maniaten zaune daram, ta naɗe kai da gyale uku, hanci kawai ake gani.

“Yaya! Har da ke?”

“Me kika ce?” in ji Maniaten. Kunnenta ya yi nauyi, ko da yake mutanen gari sun ce nauyin yana zuwa ne lokacin da ta ga dama.

Pinamen ba ta san lokacin da ta yar da bargon ba. Ta zuba gari da shayi da man girki a jaka, ta ciro faffaɗan takalmanta na taka dusar ƙanƙara daga bayan ƙofa inda aka ɓoye mata, ta fito tana dariya ƙasa-ƙasa kamar yarinyar da ta gudo daga makaranta. Wurin shiga amalanken ta ga wani ƙaton abu an rufe da buhu.

“Wannan fa?”

Uniam ya yaye buhun yana washe baki. Murhu ne sabo fil, ya ƙera shi da hannunsa daga tsohuwar ganga. Ya ninka murhun tanti da aka saba gani sau biyu, har da ƙofa mai sakata da ƙafafu huɗu na ƙarfe.

“Murhu ne wannan ko akwatin gawarka ka taho da shi?”

“Za ki yi bayani in kin ji ɗumi. Ƙafafun ma daga gadon ƙarfe na yanko su.”

Tafiyar awa biyu ce. Uniam ya yi alkawarin zai je a hankali saboda ƙugu, ya kuma cika alkawarin har suka fita daga gari. Daga nan Pinamen ce da kanta take dukan gefen amalanken tana ihu, “Ƙara wuta! Jana'iza ka ɗauko?” Duk tudun da suka haye sai matan nan biyu su yi sama su dawo, su ƙanƙame juna, su fashe da dariya har sanyi ya riƙe musu haƙora. Numfashinsu ya daskare a gashin ido. Maniaten ta ce gyalenta ɗaya ya tafi, ba wanda ya tsaya nema.

A bakin tafkin, cikin wata 'yar kwana da itatuwa suka tare iska, suka sauka. Su ukun suka ɗaura irin takalman nan suka yi ta tattaka wurin har ya kwanta, Uniam ya saro sanduna, aka ɗaga farin tantin da ya taho da shi. Sai aikin mata ya zo, wato shimfiɗa ɗanyun rassa a ƙasa. Pinamen ta dubi tulin rassan, ta dubi yayarta, ta dafa sanda, ta sauka kan gwiwoyinta a hankali. Ƙugun ya ce ƙas sau ɗaya, ya yi shiru. Ta fara soka rassan cikin dusar ƙanƙara, kowane yana rufe gindin na gabansa. Da ƙanshin ɗanyen ganyen ya bugi hancinta sai ta ji idonta ya ciko. Ta goge da bayan safar hannu ta ce sanyi ne.

Da aka zo girka murhu, ta ce wa Uniam ya saro ɗanyun turaku huɗu a kafa, a ɗora shi a kai kamar yadda ake yi tun kakanni.

“Turaku na masu murhu marar ƙafa ne,” in ji shi. “Nawa da ƙafafunsa ya zo.”

“Ƙarfe ne fa. In ya yi zafi zai narka abin da ke ƙasa.”

“Na sa masa marafan gwangwani a tafin ƙafa. Ke dai kawo tukunya.”

Gaskiyar magana, murhun ya ci wuta. Kafin ruwan shayi ya tafasa gefensa ya yi ja. Maniaten ta cire gyale, ta cire riga ta sama, ta cire ta biyu. Pinamen ta tuɓe har ta rage daga ita sai 'yar shimi da siket. A waje, in ka tofa yawu kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa, a ciki kuwa gumi suke sharcewa suna fifita da murfin tukunya.

“Ka kawo mu daji ne ko ka kawo mu gashi?” in ji Pinamen.

“Ba ke kika ce akwatin gawa ba ne? To ki ji yadda ake ji a can.”

Ranar suka huda ƙanƙarar tafkin suka zura ƙugiya, Pinamen ta ciro kifi uku, Uniam ya ciro ɗaya ɗan ƙarami, ta ce a mayar da shi wurin uwarsa. Suka kwana lafiya lau, matan a gefe ɗaya, shi a bakin ƙofa.

Washegari da hantsi Pinamen ta lura da wani abu. Uniam ya aske gemu da ruwan ɗumi, ya kuma sa farar riga mai maɓallai, irin wadda ba ya sawa sai ranar Lahadi. Sai kai da kawowa yake, ya gyara itace, ya sake gyara shi. Ita tana durƙushe gaban murhu, gurasa na gasuwa a kasko ɗaya, kifi na soyuwa a ɗayan, butar shayi a tsakiya. Maniaten ta kishingiɗa ta rufe ido.

Ya zo ya zauna kusa da ita, ya yi gyaran murya har sau uku.

“Pinamen.”

Ta juyo ta dube shi. Rabon da ta ji sunanta a bakinsa ba tare da wani zagi a manne ba, ta manta.

“Lafiya? Ciwo kake?”

“Ki bari in yi magana mana. Kin ga dai ni da ke mun daɗe. Gidana shiru, naki ma in yarinyar nan ta tafi aiki shiru. Na yi ta tunani tun kaka, na ce to, tunda dai...”

Bai kai ƙarshe ba. Butar shayi ce ta fara tafiya. Pinamen tana kallo ta ga buta ta zame a hankali ta nufo su, kaskon gurasa ya biyo bayanta. Ƙafafun gaba na murhun sun huda marafan, sun narka ƙanƙarar da ke ƙasa tun jiya, yanzu kuma suka nutse gaba ɗaya. Murhu ya durƙusa a gabansu. Bututun hayaƙi ya fizge daga mazauninsa, ya juye baƙar toka ta kwana guda a kan Uniam tun daga kai har cinya.

“Wuta!” Maniaten ta yi tsalle ta miƙe, ita da aka ce barci take.

Hayaƙi ya turnuƙe tantin. Garwashi ya zubo kan rassa, suka fara ƙauri. Pinamen ta cafke butar ta sheƙa shayin duka a kai, ta ɗebo dusar ƙanƙara da tukunya daga bakin ƙofa ta ƙara. Uniam yana tari ya zura sanduna biyu a ƙarƙashin murhun, ya kama gaba, Maniaten ta kama baya tana salati irin na coci, suka fitar da shi suka jefar. Ya faɗa cikin dusar ƙanƙara ya yi wani dogon tsaki, tururi ya tashi sama.

Sai ga su su uku a tsaye a waje, da safa kawai a ƙafa, matan da 'yar shimi. Pinamen ta juya ta dubi Uniam. Fuskarsa baƙa ƙirin, ido biyu kawai ke haske, farar rigar Lahadi ta koma kamar tsumman goge tukunya. Kuma ko ta yaya aka yi, kaskon kifin yana hannunsa, ko ɗaya bai zube ba.

Dariya ta kama ta. Ta riƙe ciki, ta ja da baya, ƙafarta ta zurma, ta tafi rigingine cikin dusar ƙanƙara har ta kusa ɓacewa.

“Ƙugun!” Uniam ya ajiye kaskon ya rugo. “Pinamen! Kar ki motsa! Wayyo na kashe ta. Ina ne yake miki ciwo?”

Ita dai dariya kawai take. Hawaye na zuba, kafaɗunta na rawa. Shi kuwa duk ya rikice, yana tattaɓa ta. Da ta ga da gaske tsoro ya kama shi, sai ta daure ta ɗaga ƙafar sama, ta lanƙwasa, ta miƙe ta.

“Lafiyata ƙalau, baƙin dodo. Ɗaga ni kafin in daskare.”

Ya ɗago ta, amma bai saki hannun ba.

“To tunda dai na riga na zama abin dariya, bari in ƙarasa. Aurenki nake so.”

“Ta yarda,” in ji Maniaten daga bakin tanti, tana cusa hannu a riga.

“Yaya! Wa ya tambaye ki? Ashe kina ji?”

“Tun gyaran murya na farko. Ku shigo, ƙafafuna sun mutu.”

Pinamen ta dubi mutumin nan da ta shekara sittin tana zagi, toka na gangarowa daga girarsa. Ta ji wani abu yana tsalle a ƙirjinta, irin wanda ta ɗauka ya daɗe da mutuwa.

“Sai ka saro turakun nan huɗu tukuna,” ta ce. “Ɗanyu. In na ga murhu ya tsaya da ƙafarsa, sai mu yi magana.”

Ba ta taɓa ganin tsoho ya yi gudu da gatari haka ba. Suna jin saransa daga cikin itatuwa, yana sara yana waƙa da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan. Kafin ya dawo su biyun sun sa kaya, sun kwashe rassan da suka ƙone, Maniaten ta yanki buhun da aka rufo murhun da shi ta ɗinke inda bututu ya ƙona rufin. Aka kafa turaku, aka ɗora murhu, ƙafafun gadon suna lilo a iska ba su taɓa komai. Suka ci kifin da sanyinsa, gurasar kuwa rabi gawayi, suka cinye tas. Da ya sake tambayarta, baki cike, ta ce to, ta ji, amma kada ya sa ran za ta daina zaginsa.

Ranar Juma'a Nishapet ta dawo ta tarar da su ukun a teburin cin abinci sun yi tsit kamar marasa laifi. Ƙaurin hayaƙi da ke jikin uwarta ne ya tona su. Ta yi faɗa, ta yi faɗa, ta sa uwar ta tashi ta taka daga ƙofa zuwa taga sau biyu tana duban ƙugun. Da ta ga tafiyar ma ta fi ta da kyau, sai faɗan ya rasa inda zai dafa.

“Saura labari na biyu,” in ji Maniaten. “Zauna tukuna.”

Nishapet ta saurara har ƙarshe. Ta dubi uwarta, ta dubi Uniam, wanda ya sunkuyar da kai yana murza hula.

“Kawu Uniam? Wanda kike ce wa tsohon banza?”

“Shi fa. Ai ban ce ya daina zama ba.”

Nishapet ta kifa kai a kan tebur tana dariya har da buga hannu. Aka sa biki watan Yuni, in ƙanƙarar kogi ta fashe, don dangin da ke can gaɓar teku su samu zuwa. Maniaten ta ce ita za ta je ta gaya wa fada da bakinta, kuma tun a daren jiya ta riga ta zaɓi rigar da za ta sa.