Barakatu Ta Gyara

Kowace safiya, bayan ya sha jabana, wato gahawa, ya gama zagin rediyo, Ustaz Gado yakan buɗe tsohuwar kwamfutar da ke kan akwatin littattafansa, ya rubuta sunan matarsa da yatsa ɗaya. Shekara biyu ke nan da rasuwarta. A shekara talatin da huɗu na zamansu bai taɓa kiran sunan nan da bakinsa ba. A ƙauyensu, kudu da Sinnar, dattijo ba ya kiran sunan uwargidansa. "Ke" yake ce mata, a gaban baƙi kuma "mutanen gida". Sai da ta mutu ya lura harafi takwas ne.

Autarsu Huda ce ta jawo abin. Tana aiki a Madani, a wani ɗan kamfani da ke tura wa manoma saƙo ta waya: ranar da ruwa zai iso gonakinsu, ranar feshi, ranar da za a rufe tur'ar da ke kawo ruwan. Da aka ce a yi saƙonnin da Hausa saboda tsofaffi, sai ta buɗe wa uwarta asusu a rumbun intanet inda kamfanin ke ajiye duk rubutun manhajarsa, ta nuna mata fayil ɗaya, ta ce ta gyara duk abin da manomi ba zai gane ba. Ba a tambayi Gado ba, shi da ya koyar da tarihi shekara arba'in. Huda ta ce kafin manomi ya kai ƙarshen jimlarsa ruwan ya wuce.

Duk gyaran da aka yi, rumbun yakan rubuta sunan mai shi a gefe. Bayan sadakar arba'in Gado ya ga kalmar sirrin a bangon littafin matarsa, ya shiga, ya datse wani saƙo mai tsawo kamar huɗuba. Rumbun ya rubuta: Barakatu ta gyara. Ya zauna yana kallon layin nan har jabanar ta huce. Daga ranar bai fasa ba. Huda ta sani, ta yi shiru. Sauran mutanen Madani kuwa, a ganinsa, matasa ne masu digiri, ba za su bambance mai rai da mamaci ba ko an jera musu.

Ranar wata Laraba da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Huda ta fito, da shugabanta Hashim, dogo mai sanƙo, riƙe da ledar lemu.

"Baba, akwai magana," in ji ta bayan gaisuwa. "Gobe za mu haɗa rumbun da sabuwar ƙofa."

"Rumbun intanet har da ƙofa? Ɓeraye sun yi yawa?"

"Sun yi, ya Ammu," in ji Hashim, yana kiransa baffa da Larabci. "Yanzu kowane ma'aikaci yana da mabuɗi biyar shida, wanda ya bar aiki ma ya tafi da nasa. Za mu sa mai gadi ɗaya, manhaja ce ba mutum ba. A wurinsa kowa zai nuna kansa, da hoto da raƙam waɗani, lambarsa ta ɗan ƙasa, shi zai ce wane ya shiga nan, wane kada ya taɓa can. Rumbun ba zai ƙara buɗe wa kowa ba sai mai gadin ya ce ya san shi."

"Wanda bai sani ba fa?"

"A rufe asusunsa. Gobe da azahar."

Gado ya gyara zaman tabaransa. "To, mutanen gida ba su jin daɗi. Ba su son hoto."

Huda ta kalli rufin ɗaki. Hashim ya ɓare lemu a hankali.

"Allah ya ba su lafiya," ya ce. "Ko za mu ɗan gaishe su?"

"Sun tafi garin Dinder."

"Da rashin lafiyar?"

"Iskar can ta fi."

"Ammu," in ji Hashim, "a kan tabarmar nan na zauna ranar sadakar uku. Ni na kawo buhun sukari. Ka ce mini shayin bai yi ba, ka ce mutanen Madani ko makoki ba mu iya ba."

Gado ya dube shi da kyau. Ya tuna sanƙon.

"Duk ofis mun zo, mota biyu," in ji Hashim. "Bayan wata biyu sai ga Hajiya ta dawo aiki. Da can in ta gyara abu takan rubuta, 'Allah ya yi albarka, ɗana, amma kaza ya fi.' Da ta dawo sai ta rubuta wa Ayman, mai tsara saƙonninmu, 'Wanda ya rubuta wannan bai taɓa ganin dawa ba sai a faranti.' Muka ce, to, lahira ta canza ta."

Huda ta toshe baki da mayafi.

"Kun sani, kuka yi shiru?" in ji Gado.

"Wa zai faɗa?" in ji Hashim. "Mu muna da kara. Mai gadin ne ba shi da ita. Na gwada, wallahi. Fom ɗinsa ba shi da wurin 'ta rasu amma tana aiki'."

Gado ya ce ya karanta tarihin dauloli da yawa, duk wadda ta fara ƙirga mutane a bakin ƙofa ta kusa faɗuwa. Ya kawo misali uku. Ba wanda ya musa. Sannan ya juya kofin jabanar a hannunsa.

"Za ku goge ta?"

"A'a, Baba," in ji Huda. "Duk layin da sunan Inna yake kai, yana nan. Sabo ne ba za a ƙara ba. Kai za mu buɗe wa naka."

"Ba na so. Gado ya gyara. Wa zai ji tsoron wannan?"

Amma ya bari ta ɗauke shi hoto, ya ɓata rai kamar za a kai shi kotu, ya ɗauko takardar raƙam waɗani daga cikin ƙamus. Huda ta cika fom ɗin a kwamfutarta, ta tsaya a wani layi.

"Saura abu ɗaya. Mai gadin ba ya ba mutum izini shi kaɗai, sai ta ƙungiya. Masu manhaja suna da tasu, masu gwaji suna da tasu. Masu gyaran Hausa kai kaɗai ne, amma dole a yi muku ƙungiya, a ba ta suna. Kullum ka shiga, sunan zai fito ƙarƙashin naka."

"Ki sa duk abin da kike so."

"In sa 'Ƙungiya ta Huɗu'?"

Ya harare ta. "Ki sa na uwarki."

"Wane suna ke nan, Baba? Ban ji ba."

"Auta, kada ki ga baƙo ki raina ni."

"Fom ne, Baba. Ba ya karɓar 'ke'."

Hashim ya ga wani abu mai ban sha'awa a jikin ɓawon lemu. Gado ya jawo kwamfutar gabansa, ya miƙa yatsan nan ɗaya. Ya rubuta kalma ɗaya, ya tsaya, sannan ya ƙara harafi takwas ɗin, ya tura mata.

Huda ta karanta a fili: "Gidan Barakatu."

"Shekara talatin da huɗu ana cewa gidan Gado," ya ce. "Kowa ya san ƙarya ce."

Ranar Alhamis da azahar aka rufe asusun. Gado bai duba ba, ya tafi masallaci da wuri. Da safiyar Asabar ya shiga ta sabuwar ƙofa. Mai gadin ya turo masa lamba a waya, ya zagi mai gadin, ya sa lambar. Sunansa ya fito a sama, nata a ƙasa. Ya dube su na ɗan lokaci, sannan ya buɗe fayil ɗin, ya soke wani saƙon Ayman a kan ban ruwan alkama, ya rubuta masa ra'ayinsa a kan makarantar da ta ba shi digiri.

Kafin ya ɗora jabana ta biyu amsar Ayman ta iso.

"Barka da zuwa, Ammu Gado. Gyaranka ba daidai ba ne, na mayar da nawa. Akwai wasu kurakuranka goma sha ɗaya da muke riƙe da su tun bara. Ba a gardama da Hajiya."

Gado ya karanta sau biyu. Ya naɗe hannun riga, ya jawo kujera kusa.