Takarar Uwaisu

Uwaisu manomi ne a Gidan Kanya, wani ƙauye arewa da Tsanyawa inda gona ke manne da gona. Da rani yakan sari wake ya kai Dawanau. Ba mai son hayaniya ba ne, ko a wurin ɗaurin aure can baya za ka same shi. A shekarun nan da hatsi ya yi tsada har masu rumbu suka koma ci sau ɗaya a yini, kuɗin mota kuma ya fi ƙarfin talaka, kububuwa ta sari ƙanensa Dabo yana roron wake da hantsi.

A amalanke aka kai shi asibitin sha-ka-tafi na ƙauyen. Ginin yana nan, har da sabon fenti, amma Malama Safiyatu, ma'aikaciyar lafiyar da ke wurin, ba ta da komai sai auduga da ruwan wanke ciwo. Ta ce ta manta rabon da ta ga maganin dafin maciji da idonta. Kafin a samu mota jini ya fara fita ta bakin Dabo. A cikin bas ya cika, kansa a kan cinyar Uwaisu, ba su kai Kano ba.

Da aka tashi zaman makoki, Malam Khalilu, dattijon da ƙauyen ke jin maganarsa, ya zo zauren Uwaisu da wasu magidanta. Ya ce zaɓe ya matso, kuma sun gaji. Kowa ya san maganin da ake turo wa asibitinsu a kantin ƙanen Alhaji Badaru, kansilansu, yake ƙarewa. Suna son wanda zai tsaya takarar kansila a samu maganin dafi, da ungozoma, da kwamitin ƙauye da za a riƙa buɗe kwalayen magani a gabansa. Sun duba, ba su ga wanda jama'a za su bi ba sai shi.

 Usaini mai shayi ne ya faɗo wa Uwaisu a rai, wanda ya taɓa neman kujerar nan, 'yan jagaliya suka tare shi a hanyar kasuwa. Har yau da sanda yake tafiya, kunnensa ɗaya ba ya ji. Uwaisu ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma zance ya riga ya fita. Ranar kasuwar Tsanyawa ya lura mutanen da suka saba zama a rumfarsa suna gaishe shi daga nesa su wuce. Bayan 'yan kwanaki yana ɗaurin dawa a gona, wasu samari biyu suka tsayar da babur a bakin burtali, suka tako har inda yake. Sun gaishe shi da ladabi. Ɗayan, mai jajayen idanu, ya zaro wuƙa ya yanki zangarniya ɗaya yana jujjuya ta.

"Alhaji yana yi maka ta'aziyya," in ji shi. "Ya ce ka riƙa sa ido a kan Bilki. Hanyar nan da take bi ta bayan kududdufi in za ta Islamiyya ba kowa a kanta."

Bilki ita ce babbar 'yarsa.  Da suka tafi, ya zauna a tsakanin kunyoyin gonar yana ta maimaita hasbunallahu.

Tun daga ranar ya hana yarinyar fita. Ko sallama aka yi a ƙofar gida sai gabansa ya faɗi.  Mahaifiyarsa, Inna Hure, ta kira shi ɗakinta, ta sa ya zauna a tabarma kusa da ƙafarta.

"An fitar min da gawa ɗaya bana," ta ce. "Uwaisu, in har ni na haife ka, kada ka sa a fitar min da ta biyu. Ban yarda ba."

Ya ce ya ji, Inna. Ya je ya gaya wa Malam Khalilu su nemi wani. Dattijon bai yi masa musu ba, ya ce tsoro halak ne, umarnin uwa kuma ba abin wasa ba ne. Ba a samu wani ba.

Dabo ya bar matarsa Asiya da tsohon ciki. Naƙuda ta zo mata da gardama wata ranar Laraba da azahar, Inna Hure ta raka ta asibitin. Uwaisu yana tsaye a waje ƙarƙashin darbejiya yana jin nishinta yana raguwa. An haihu, amma jini ya ɓalle, kuma babu allurar tsayar da shi, babu ledar ruwa ko ɗaya. Da hannunta Malama Safiyatu ta danne cikin, Inna Hure tana riƙe da kan Asiya tana yi mata kalmar shahada. Sai wajen la'asar jinin ya tsaya don kansa. Malamar ta fito, ta gaya wa Uwaisu ta nemi a sauya mata wurin aiki, don ba za ta iya ci gaba da kallon mutane suna mutuwa a gabanta ba.

 Bayan kwana biyu Inna Hure ta sami Uwaisu yana ba akuya harawa, ta tsaya a bayansa.

"Ban ce ka je ba," ta ce. "Amma na janye maganata. Ka fara kai Bilki wurin gwaggonta a Dawakin Tofa."

Haka ya yi. Ya shiga takara da tsoronsa, bai taɓa rabuwa da shi ba.  Alhaji Badaru da ya ga jama'a sun karkata, sai ga shi da kwalayen magani a mota, da masu ɗaukar hoto.

Ranar fid da gwani ƙato-bayan-ƙato aka yi a filin makaranta. Layin Uwaisu ya miƙe har ya zagaya bayan azuzuwa. Ba a fara ƙirga ba samari suka shigo da gorori. Aka watse, mata suna faɗuwa, takalma ko'ina. Uwaisu ya tare gora da hannunsa na dama, ya ji ƙashin ya ce ƙas. Kafin magariba aka sanar Alhaji Badaru ne ya ci.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hannun bai koma daidai ba. Malama Safiyatu ta fasa tafiya, saboda mutanen ƙauye sun kafa kwamitinsu ba tare da izinin kowa ba, kuma duk ranar da mota ta kawo magani magidanta sukan taru a ƙofar asibitin su tsaya a buɗe kwalayen a gabansu. Wani lokaci a kawo, wani lokaci shiru.

Da damina ta sauka Uwaisu ya kasa riƙe fartanya. Malam Khalilu ya kira gayya, aka nome masa gonarsa kafin rana ta take. Ana shan fura a bakin gona wani ya tambaye shi ko zai sake tsayawa. Uwaisu ya ce Allah ya kai mu.