Kamfanin Gobe

Jiya da dare wani mafarki na yi, kuma har yanzu ƙafafuna ciwo suke, don a cikinsa da ƙafa na tuƙa mota.

Bari in fara faɗin abin da na kwanta da shi a raina. Sunana Nafi'u, ina ajin ƙarshe a sashen zanen sutura da ɗinki. Malamarmu, Malama Barira, ta ce duk wanda bai kawo kayan da ya yanka da hannunsa ranar Alhamis ba, zai maimaita shekara. Da na gaya wa Umma, sai ta buɗe akwatinta ta ciro turmin atamfa daga can ƙasa, shuɗiya mai fararen furanni. Ita ce ta ƙarshe da Babanmu ya kawo mata daga masaƙar da yake aiki a Kaduna, a makon da aka rufe masaƙar. Bai daɗe ba bayan nan ya rasu. Umma ta ce in ɗinka mata riga da zani da ita. Mako uku ke nan ina shimfiɗa ta, in auna, in zana da alli, in goge allin, in ninke. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. In na ɓata ta, babu inda zan samo wata.

To, a mafarkin sai ga mu 'yan aji a motar makaranta, za mu ziyarar gani da ido irin wadda aka saba kai mu kasuwanni da masana'antu. Motar ba ta da inji. A ƙarƙashin kowace kujera akwai matakin keken ɗinki, kowa yana takawa, motar na tafiya. Titin kuwa zif ne dogo, yana buɗewa a gabanmu yana rufewa a bayanmu. Babu wanda ya ga abin mamaki a ciki. Malama Barira tana tsaye a gaba da tef ɗin awo a wuya.

"Ku taka da kyau," in ji ta. "Wanda ya tsaya, ɓangarensa na motar zai tsaya."

Talatu, wadda muke zama teburi ɗaya da ita a aji, ta zungure ni da gwiwar hannu. "Nafi'u, dabbarka tana cin kujera."

Na duba. Ashe atamfar Umma ce a gefena, ta yi ƙafafu huɗu, da igiya a wuyanta, igiyar kuma a hannuna. Na janye ta daga kujerar, na ba direba haƙuri.

Sai ga mu a kasuwar yadi. A nan ba a jera kaya a kanta, a turke ake ɗaure su. Shadda tana can gefe tana tuƙa cikin isa, ba ta kallon kowa. Leshi kuwa duk jikinsa ƙofofi, an ce sanyi yake ji, an lulluɓa masa bargo. Wani dillali ya yi mana bayani cewa a wannan kasuwa yadi ne yake zaɓen mai saye. Muna tsaye wata Hajiya ta zo, wani yadin boyel ya zagaya ta sau biyu, ya shinshina mayafinta, ya ce bai yi masa ba. Ta tafi tana share hawaye. Malama ta ce mu rubuta, zai fito a jarrabawa.

A ƙarshen kasuwar akwai mayanka. Teloli ne a jere, kowa da almakashinsa, ana kawo musu yadi suna kwantar da shi suna fuskantar da shi gabas. Wani dattijo a cikinsu ya dubi atamfata ya lashi leɓe.

"Samari, wannan ai ta isa yanka. Kawo ta."

"Sai gobe, Baba," na ce.

"Haka ka ce jiya."

"Jiya ban zo nan ba."

"Ba ka zo ba, amma mun ji ka."

Atamfar ta dube ni da wani fure da ke wajen da ido ya kamata ya kasance. Na kawar da kai.

Sai ga mu a ƙofar wani katafaren gini, an rubuta Kamfanin Gobe a samansa. Ana ruwan maɓallai, amma daga ƙasa suke tashi suna hawa sama, don haka kowa ya juya lemarsa ya taka a kai. Manajan kamfanin wani bunsuru ne mai tabarau, ya tarbe mu da fara'a yana tauna takardar patan ɗin wani, irin wadda ake bi a yanka kaya.

"Duk telan da ya taɓa ce wa mai kaya 'dawo gobe', daga nan ya samo ta," in ji shi. "Gobe ta gaskiya ta Allah ce, ba ruwanmu da ita. Mu ta teloli muke yi."

Ya zagaya da mu. Ga injina suna fitar da gobe fara sol, ana ninkewa ana sawa a leda. Akwai ƙarama ta mai facin wando, akwai babba ta ɗinkin biki. Ya nuna mana wani ɗaki da aka cika har rufi, ya ce wannan na jajibirin Sallah ne, kuma duk da haka ba ya isa. A bayan ginin akwai wani ƙaramin shago da ake yin "saura guga" da "wuta aka ɗauke", amma ya ce waɗannan reshe ne kawai.

Talatu ta ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, ɗalibai ma ana ba su?"

"Ana ba su ta gwaji." Ya sauke tabarau ya dube ni. "Wannan ai babban abokin cinikinmu ne. Nafi'u ko? Ashirin da ɗaya ya ɗauka a mako uku. Ko tsofaffin teloli ba su kai shi ba."

'Yan aji suka tafa mini. Na ji daɗi kaɗan, don ban taɓa zuwa na ɗaya a komai ba. Na matsa kusa da shi na rage murya.

"A taimaka mini da guda ɗaya, Manaja. Ko mai tabo ce."

"Taka ta ƙare."

"Ko rabi."

"Rabin gobe ai yau ce da yamma," in ji shi, ya ci gaba da tauna takardarsa.

Na ce masa ni dai a ganina da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya ce wannan maganar ma a nan ake buga ta, a reshen bayan ginin.

Sai ga mu a marina. Ramukan rini a jere, marina suna zaune a bakinsu suna tsoma guntayen sararin sama, wai ya koɗe, za a mayar da shi kafin la'asar. Malama Barira ta ce kowa ya yi tambaya ɗaya mai ma'ana. Ni ban da tambaya, sai na nuna wani rami na ce, "Mene ne a cikin wannan?"

"Baba ne," in ji marinin.

Na san baban rini yake nufi, ganyen da ke ba da shuɗi, mun yi shi a aji tun shekarar farko. Duk da haka na leƙa. Atamfar ta fizge igiya ta faɗa ciki, ni kuma ban saki igiyar ba.

A ƙasan ramin masaƙa ce, babba, injina suna ta aiki ba ƙara. Auduga na yawo a iska. A gaban wani inji wani mutum yana tsaye da shuɗiyar rigar aiki, ya saƙale fensir a kunne. Ban ga fuskarsa ba tukuna na gane shi, don har yanzu yana tsayuwar nan tasa ta jingina nauyi a ƙafar hagu. Atamfar ta ruga ta shiga goga kanta a gwiwarsa.

"A'a," in ji Baba. "Ke har yanzu kina nan ɗanya?"

Shekara goma sha tara ina tanadin abin da zan gaya masa, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. An ce kana makarantar ɗinki."

"E, Baba."

"An ce ka iya zana mata masu dogon wuya kamar zalɓe, ba su da ciki ba su da ƙugu."

"Haka ake koya mana."

"To madalla. Uwarka dai tana da ƙugu, ka tuna da wannan." Ya shafa bayan atamfar. "Me ya hana ka yanka ta?"

"Ita kaɗai ta rage, Baba. In na ɓata fa?"

Ya yi dariyar nan tasa da ba ta da sauti, sai kafaɗu. "Mutum ɗari huɗu muka tsaya a kan wannan zane, daga mai kaɗi har mai buga fure. Kana tsammanin don ƙasan akwati muka yi? Da don kyankyasai ne ai da ba mu sa mata furanni ba. Na kawo ta ne in ga uwarka a ciki, ban samu gani ba. Kai da kake da idon gani kake ta ninkewa."

Hawaye suka zo mini, amma su ma sama suka yi, suka bi audugar.

"In hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo fa?" na ce.

"Za ta sa abinta ta tafi gidan suna, ta ce sabon yayi ne, ɗanta ne ya fito da shi. Kafin wata ya ƙare ka ga matan unguwa da hannu ɗaya dogo. Ba ka san uwarka ba ne?"

Ya zare fensirin daga kunnensa ya miƙo mini, sai ya zama almakashi a hannuna. Atamfar ta kwanta da kanta, ta miƙe ƙafafu, ta zama yadi shida shimfiɗe a ƙasa. Daga can saman ramin na jiyo muryar Malama Barira tana cewa saura minti biyar mota ta tashi, wanda bai zo ba ɓangarensa zai tsaya. Na durƙusa. Na buɗe almakashin. Ban kai ga rufe shi ba na ji ƙas, ƙas, ƙas.

Na ce, "Baba, ba ni ba ne."

Ƙas, ƙas, ƙas.

Na buɗe ido. Rana ta fito. Mai ɗinkin tafi-da-gidanka ne yake wucewa ta lungunmu da kekensa a kafaɗa, yana kaɗa almakashi. Sai na ji muryar Umma daga zaure: "Mai ɗinki, tsaya!"

Ban san lokacin da na diro daga katifa ba. Na fito ba takalmi ina cewa, "Umma, kar ki ba shi! Ni zan yi!"

Ta juyo. Wandona ne a hannunta, wanda ya yage tun watan jiya nake cewa zan ɗinke.

"Wannan ɗin ma kai za ka yi?" in ji ta. "Bar bawan Allah ya ci abinci. Atamfarka tana kan tabarma, na goge ta tun asuba. Yau Alhamis."

Tana nan kuwa a shimfiɗe a tsakar gida, almakashi a gefenta. Na auna ƙugun Umma sau biyu, na ja alli, na yi bisimilla, na yanka. Atamfar ba ta yi kuka ba. Umma ce ta yi, kaɗan, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ko wuta ba a hura ba.