Sunayen da ke Shafi na Goma Sha Ɗaya

Malam Nazir ɗan Gummi ne, aiki ya kawo shi wata firamare a Anka. Shekara biyu ya kwashe yana rubuta wa yara ɗan littafi a kan gubar dalma da ta kashe ƙananan yara a Dareta a 2010. Ya yi rantsuwa ba zai yi wa tarihi kwaskwarima ba. Ya sha hawa babur zuwa ƙauyen, ya zauna da wata tsohuwa, Iya Nana, ta ba shi labari gida-gida, shi kuwa ya rubuta har da sunaye.

Ranar Talata ya raba wa 'yan aji huɗu littafin. Ilham Abdulrahman, 'yar shekara goma, ta fi kowa iya karatu, don haka ita ya tayar.

Ta karanta shafi goma tiryan-tiryan. Ta shiga na sha ɗaya: "Jatau yakan kawo duwatsun zinariya gida. Matarsa Atine takan daka su a turmin da take surfen gero. Surajo da Badaru suna wasa a cikin garin dutsen. Jijjiga ta kama Surajo ranar Lahadi, kafin Jumma'a an binne su duka biyu."

Ta tsaya. Ta sake bin layin da yatsa.

"Ci gaba mana," in ji Malam.

"Malam, Atine Innata ce. Jatau kuma laƙabin Babana. Daga Dareta muka taso." Ta ɗago ido. "Su wane ne Surajo da Badaru?"

Alli ya suɓuce daga hannunsa. Kafin ya samu bakin magana, wata yarinya daga baya ta ce, "Ashe Innarki ta kashe ɗiyanta!"

Ilham ta fita da gudu, ko takalmi ba ta ɗauka ba.

Bayan la'asar Malam ya je gidan su Ilham. Atine ta fito zaure, ta tsaya bayan labule.

"Kai ne mai littafin?"

"Ni ne, Inna. Wallahi ban san—"

"Mi ka sani? Shekara goma sha huɗu ina riƙe da zancen ga, ina jiran ta yi hankali in faɗa mata da bakina. Yau ta shigo tana kallon turmina kamar ta ga maciji. Ta ƙi cin tuwo."

Ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce zai tattara littattafan ya ƙone, ya sake rubuta wani wanda yaran suka sha magani suka warke.

"Subhanallahi!" Ta yaye labulen. "Su warke? Ka tafi bayan garin Dareta ka ga inda suke kwance. Maƙwabcina jiya ma na ga buhun dutse a ƙofarsa, yana da ɗiya na goye. Kada ka raya wanda Allah ya karɓa. Ka dai cire sunana. Kuma ka rubuta cewa ba mu sani ba. Wanda ya ba ka labarin bai faɗa maka wannan ba? Babu wanda ya san guba ce, sai da likitoci suka zo."

Ya buɗe littafin nan tsaye, ya duba shafi-shafi. Babu. Ya rubuta ranaku, ya rubuta sunaye, amma bai rubuta wannan ba ko sau ɗaya.

Washegari ya karɓe littattafan duka, ya tsaya gaban aji ya gaya musu abin da ya bari. Ilham ta yi mako biyu ba ta zo makaranta ba. Da ta dawo, sai ta roƙi a mayar da ita ɗaya ajin huɗun, na Malama Sa'adatu, aka mayar da ita.