Numfashin Lyman Pruitt

Asabar ɗin ƙarshen Agusta ce, rana ta take, kwalta har tana kama tafin ƙafa. Kamar kowace shekara, mu shida 'yan kwana-kwana muka ajiye motar kashe gobara a mahaɗar titin Garfield, kowa riƙe da warin takalmin aiki. In danja ta tsayar da motoci sai mu ratsa tsakaninsu, mutane su sauke gilashi su jefa abin da ya sawwaƙa a cikin takalmin. Taimakon na masu ciwon shanyewar tsoka ne, ciwon da ke cin ƙarfin mutum a hankali har numfashi ya gagare shi.

Wajen sha ɗaya layi ya miƙe har gadar jirgin ƙasa, don ko an ba da hannu wasu na nan suna lalubar canji. Shugabanmu, Kyaftin Wozniak, sai washe baki yake.

Can na ji an danne ham ba a saki ba. Wata farar bas ce a tsakiyar layi. Na nufe ta da murmushina, na miƙa takalmi. Matar da ke tuƙi, dattijuwa mai furfura, ta kaɗe shi ya faɗi.

"Kawar mini da wannan abin! Mijina zai mutu!"

Na ja ƙofar baya. Wani dattijo ne ɗaure a keken guragu, da bututu a maƙogwaronsa, bututun ya tafi cikin wata na'ura. Na'urar ta yi ƙara sau biyu ta ɗauke.

"Mama, ina batirin canji?"

"Yana gida! Tafiyar minti goma ce, kun shanya mu minti arba'in!"

"Balan-balan ɗin da ake hura masa iska da hannu fa?"

Ta zazzage jakarta a kan kujera. Babu.

Na ƙwala wa Lupita Barrientos kira, ita ce gwanarmu wajen agajin gaggawa. Ta sheƙo da jakar magani tana tsallake gaban motoci. Na cire bututun na'ura, na haɗa balan-balan ɗinmu na matsa. Sai na ji shi da tauri kamar dutse. Ƙirjinsa bai motsa ba.

"Majina ce ta toshe," in ji Lupita. "Riƙe kansa, Thaddeus, kar ka tsaya kallona!"

Laɓɓansa sun fara komawa ruwan toka. Ba ya iya ɗaga ko yatsa, idanunsa kaɗai ke bina. Matar ta kama hannunsa tana cewa, "Lyman, dube ni. Odessa ce. Kar ka kuskura." Lupita ta zura siririn bututu ta zuƙe, ta sake zuƙewa. Na matsa. A karo na uku ƙirjin ya tashi.

Kyaftin ya iso yana haki. Motar asibiti na bayan gada, ya ce, muna jin jiniyarta amma ba ta da hanyar wucewa.

"To a kawo wuta daga motarmu," na ce. "Hannuna ba zai kai awa ba."

Tsakaninmu da motar tamu akwai motoci goma sha. Kyaftin ya tada injin wuta, ya warware doguwar waya, ya miƙa wa direban farko. Mutane suka firfito suna miƙa wa juna ta saman motoci, har wani mai kwat da wata mai goyo. Ni dai ina ƙirga biyar ina matsawa, gumi na shiga mini ido, ba halin sharewa.

Waya ta zo ta gaza da taku biyu. Ba wanda ya yi umarni, sai maza huɗu suka ɗaga gindin wata ƙaramar mota suka gusa da ita, Odessa ta matsa da bas ɗin gaba. Lupita ta jona. Na'urar ta yi shiru, ta yi shiru, sannan ta kawo koriyar wuta.

Bayan motar asibiti ta ɗauki Lyman, Odessa ta tsaya gaban Kyaftin.

"Don irinmu kuke yi, ko? Na gode. Amma ku sauka daga kan titi."

Kyaftin ya cire hularsa, ya ɗaga mana hannu mu tattara.

Ni na tuƙa ta zuwa asibiti, don ta kasa riƙe sitiyari. Lyman ya kwana uku aka sallame shi. Da shekara ta zagayo, a filin ajiye motoci na babban kanti muka tsaya. Abin da aka samu ya ragu sosai, wasunmu suka yi ta gunaguni, Kyaftin ya ce mai son komawa titi ya nemi wata tashar kwana-kwanan.