Shekarar Da Waken Soya Ya Yi Tsada

Shekara goma sha tara muna yin awara ni da mijina Oding a bayan gidanmu a garin Sumedang. Shi ke niƙa da tacewa, ni ke suya, 'yan talla su kwasa zuwa tashar mota. Sai aka shiga shekarar da yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa mai nisa, kayan abinci suka tashi ko'ina, waken soyar da jiragen ruwa ke kawo mana ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba.

Dole muka rage girman awarar. Entin, wadda ta daɗe tana saye a wurina, ta ɗaga guda ɗaya ta ce, "Kokom, wannan awara ce ko maɓallin riga?" Na taya ta dariya, amma da ta tafi sai da na share hawaye.

Oding kuwa waya ta zame masa abokiyar hira. Yana jiƙa wake yana kallon gidajen da aka rusa a yaƙin, yana cin abinci yana sauraron masu sharhi. Wata Laraba da hantsi ya kashe injin niƙan, ya zauna a kan buhu.

"Sayar da injin nan zan yi," in ji shi. "Jiya annoba, yau yaƙi. Duniyar ta zo ƙarshe."

Surukata Iyoh tana gefe tana gyaran barkono. Ta haura saba'in, kuma ba ta cika magana ba. Ta ce, "Miƙo mini wayar nan." Ta daɗe tana kallon wata mata da ke tafe da jariri a cikin ɓaraguzai.

"Allah ya kawo musu sauƙi," ta ce. "Wannan baiwar Allah tana da abin kuka. Kai fa, ɗan nan, rufin ɗakinka ya faɗo ne?"

"Inna, ba za ki gane ba."

"Ni ce ba zan gane ba? Ranar da dutsen Galunggung ya yi aman wuta kana goye a bayana. Da rana tsaka sai da fitila. Toka ta binne gonarmu, muka yi watanni muna kwana a ajin makaranta. Ban san me duniya ke ciki ba, na dai san yara huɗu na jiran abinci. Ganyen rogo nake wankewa sau bakwai in dafa muku. Ka yi wa mutanen can addu'a, sannan ka tashi ka duba waken da ka jiƙa kafin ya yi tsami."

Can Oding ya tashi ya kunna injin.

Ni maganar ganyen rogon ce ta tsaya mini a rai. Da yamma na dubi dusar waken da muke bai wa masu shanu. Na kwaɓa ta da garin shinkafa, albasa da barkono, na soya ƙanana kamar ƙosai. Na farko ya watse a cikin mai. Na uku ya kama. Cikin mako biyu direbobin tasha suka fara aiko a ajiye musu.

Oding ya hau babur ya tafi ƙauyen kawunsa Dudung, ya lallashe shi ya shuka wake bayan girbin shinkafa, da alkawarin mu za mu saye duka. Kawu ya ce rabonsa da noman wake tun yana saurayi, amma zai gwada kadada guda.

Bayan wata uku aka kawo mana buhu tara. Ƙwayoyin ƙanana ne, akwai tsakuwa a ciki, sai da muka kwana biyu muna tsincewa. Amma awarar da ta fito ta fi ta da gardi. Waken ba zai ishe mu shekara ba, har yanzu muna haɗawa da na waje. Bana maƙwabtan Kawu biyu sun ce su ma a ba su iri.