Rigar Garu Mai Lamba Ɗaya

Ni nake wanke rigar, shi ya sa na fi kowa sanin ta. Koriya ce mai dogon hannu, da lamba ɗaya a baya, gwiwar hannun hagu ta sha ɗinki. Sau biyu a shekara Baba yake ciro ta daga cikin gilashin da ke rataye a falonmu na unguwar Misfala a Makka. In wanke ta da hannu, in shanya a inuwa, in goge ta ta ciki don kada lambar ta narke. Umma ta daɗe da cire hannunta daga wannan aiki. Ta ce ita ta yi wa mai rigar bauta, ba za ta ƙara da rigar ba.

Babanmu Mukhtaru shi ne Garu. Shekara goma sha huɗu ya yi yana tsaron raga a wata ƙungiyar ƙwallo da ba zan kira sunanta ba, don har yau ba na son jin sa. Kakanmu da ƙafa ya zo Makka daga Kano, ya yi dako a Misfala har ƙarfinsa ya ƙare. To ka ga ranar da ɗan ɗan dako ya tare fanareti biyu a wasan ƙarshe, ai duk Bahaushen unguwar nan ji ya yi da nasa hannun aka tare. Su suka sa masa Garu, har Larabawa suka karɓa.

A nan akwai wata al'ada. Idan babban ɗan wasa zai ajiye ƙwallo, ana shirya masa wasan ban kwana. Zai buga minti kaɗan, sai a tsayar da wasa, ya tuɓe rigarsa a tsakiyar fili ya miƙa wa wanda zai gaje shi. Yawanci wani matashi ne daga cikin ƙungiyar, wanda ya riga ya nuna kansa. Baba bai yi haka ba. Ya tsallake duk samarin da ke jere, ya yafito ƙanena Talal daga gefen fili, ya zura masa rigar. Shekarar Talal biyar a lokacin. Rigar har ƙasa take ja.

Ni ina gida ranar, ina 'yar shekara tara, don lokacin mata ba sa shiga filin wasa. A talabijin na gani. Daga baya na gani a kaset, na gani a faifai, na gani a wayar Baba, domin babu baƙon da zai sha shayi a gidanmu ya tsira. Kowa filin yake kallo yana jin ihun mutane. Ni yaron nake kallo. Ya toshe kunnuwansa da hannayen rigar da suka yi masa yawa, bakinsa a buɗe yana kuka. Baba cewa yake kukan murna ne.

Daga ranar sunan Talal ya ɓata a Misfala. Mai burodi, direban tasi, limamin masallacinmu, kowa ɗan Garu yake cewa. In ya tare ƙwallo a wasan yara sai a ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In ta wuce shi sai a yi tsaki, a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wato in ya yi daidai na Baba ne, in ya kuskure nasa ne. Ni kuwa na zo ta ɗaya a makaranta sau uku a jere, Baba bai san ajin da nake ba. A lokacin abin ya ƙona min rai. Sai da na girma na gane ni ce mai sa'a.

Yana shekara goma sha biyu aka ɗauke shi a ƙungiyar yara ta kulob ɗin Baba. Kuma kada in ci haƙƙinsa, Talal yana da hannun kama ƙwallo. Abin da ba shi da shi shi ne sarari. Kullum la'asar Baba ne yake kai shi atisaye, kuma ba ya zama inda iyaye suke zama. Bayan raga yake tsayawa, ya riƙe wayar shingen filin da yatsunsa, yana ba da umarni. Fito. Koma. Hagu. Koci yana can yana faɗin nasa, amma wane koci ne zai ce wa Garu ya matsa? Shi kansa hoton Baba ne a bangon ɗakinsa yana yaro. Ranar wasa kuwa, ni nake jin Talal a banɗaki yana amai kafin su fita. In ya fito sai ya wanke fuska, ya ce min sanyin na'ura ne ya kama shi.

A shekarar 2015, bayan alhazai sun watse, na gano sirrinsa. Ina sana'ar lalle, kuma Talal ne direbana. Wata Juma'a da hantsi na roƙe shi ya kai ni gidan wata amarya a unguwar Kudai. Ya yi ta noƙewa, daga ƙarshe ya yarda, amma ya ce zai ɗan tsaya a hanya. Ya kai mu wani makeken filin ajiye motocin bas da ya zama fayau tunda aikin hajji ya wuce. Wasu 'yan Pakistan ne a wurin, direbobi da makanikai, sun kafa sanduna uku a cikin bulo suna wasan kurket da ƙwallon da aka naɗe da tef. Ya ce in ba shi minti goma.

Minti arba'in na yi a motar nan, kuma ban ji haushi ba. Ƙanena ya durƙusa a bayan sandunan, duk ƙwallon da ta kuɓuce wa mai bugu da katako sai ta faɗa hannunsa. Wani dattijo mai jan gemu, direban bas, shi ne kamar babbansu, yana ta kiran Talal, Talal. Sunansa kawai. Can wata ƙwallo ta zame masa ta gangara ƙarƙashin mota. Na jira tsawa, don na san abin da ke biyo baya a wurinmu. Sai kawai suka fashe da dariya, shi ma ya kwanta a kan kwalta yana dariya har da buga ƙafa. Rabon da in ji wannan dariyar tun yana firamare. Na zauna a bayan mota ina hawaye kamar wata sakara.

Da ya dawo yana haki, ya gaya min wata takwas ke nan yana zuwa. Tayar motarsa ce ta taɓa yin faci a kusa, yana jira suka ce mutum ɗaya ya rage musu. Ba su san ƙwallon ƙafa ba, ba su damu da ita ba, ba su taɓa jin wani Garu ba. Hausar Talal ba ta da ƙwari, rabi Larabci ce, amma ranar da Hausa ya roƙe ni.

"Yaya Munira, amana ce. Wallahi in Baba ya sani, khalas, na kaɗe."

Na ce masa ko Umma ba za ta ji ba.

Wata biyu bayan haka kulob ya sallame shi. Shekararsa sha tara, lokacin hawa babbar ƙungiya ya yi, suka zaɓi wani yaro daga Jidda. Kocin da kansa ya zo gida, yana ta murza hannu, ya ce yaron yana da komai amma zuciyarsa ba ta cikin raga. Baba ya raka shi har ƙofa da fara'a, ya dawo ya rufe bakinsa. Mako uku bai ce wa Talal uffan ba. In Talal ya gaishe shi sai ya dubi bango. Ya daina zama a shagon shayin da ya saba, don kada a tambaye shi. Gidan ya zama kamar an yi rasuwa, sai dai babu mai zuwa gaisuwa.

A nan ne wayona ya kai ni ya baro. Na ce a raina, mutumin nan uba ne. Bai taɓa ganin ɗansa cikin farin ciki ba ne kawai. In ya ga abin da na gani a Kudai, zuciyarsa za ta yi sanyi, ya sakar masa mara. Na sami Baba bayan azahar yana zaune a ƙarƙashin gilashin nan, na durƙusa na zayyana masa komai. Ya saurara bai katse ni ba. Ya tambayi wane irin wasa ne, ya tambayi a ina Talal yake tsayawa. Da na ce a baya, shi yake cafe ƙwallo, sai na ga fuskarsa ta ɗan saki.

Ranar Alhamis ya ciro rigar ya ce in wanke, alhali lokacin wankinta bai yi ba. Ni da shirmena na ɗauka ninke ta zai yi ya sa a akwati, an gama. Har waƙa nake yi ina dirza ta.

Da safen Juma'a, bayan Talal ya fita, Baba ya ce in zo in nuna masa wurin. Ya ɗora min wata leda a cinya. Tun kafin mu fita daga Misfala na leƙa na ga kore, rigar ce. A gidanmu ba a tambayar Baba me zai yi.

Mun tsaya daga nesa, bayan wata bas. Baba ya kifa hannu a sitiyari yana kallo. Talal ya yi tsalle gefe ya cafe wata ƙwallo da hannu ɗaya, mutanen suka yi ta tafi. Na juyo in ga ko Baba ya ga dariyar. Ba fuskar yake kallo ba.

"Kin ga hannun nan?" in ji shi. "Nawa ne. Su can kulob ba su san abin da suka yar ba."

Ya miƙo min wayarsa, ya ce in ɗauka tun daga farko kada in yanke. Ya karɓi ledar ya fita.

Na ɗauka. Wannan ne abin da ba zan yafe wa kaina ba, fiye ma da tona asirin. Na riƙe wayar ta taga ina kallon Baba yana ratsa tsakiyar wasan mutane yana ɗaga hannu kamar alƙalin wasa. Na ga lokacin da Talal ya hango shi, ya miƙe a hankali, hannayensa suka sauka. Baba ya yi musu sallama, ya gabatar da kansa da Larabci, ya faɗi shekarun da ya yi a raga da kofin da ya ɗauka. Mutanen kirki ne, baƙi a ƙasar wasu, sun ga dattijo cikin farar jallabiya mai tsada. Suka kewaye shi suna gyaɗa kai. Dattijon nan mai jan gemu ya maimaita sunan sau biyu don ya riƙe shi. Sannan Baba ya zaro rigar, ya bayyana musu al'adar, ya ce tunda ɗansa nan ya zaɓa, to a nan ma zai zama na ɗaya. Ya zura masa ita a kan kayansa. Wannan karon ta zauna masa cif. Suka tafa, don me za su yi in ba tafi ba?

Aka koma wasa. Baba bai dawo mota ba. Ya je ya tsaya taku uku a bayan Talal, ya harɗe hannu. Wasan da bai san ko ƙa'ida ɗaya tasa ba, amma ina jiyo shi. Sunkuya. Buɗe ido. Ƙwallon farko da ta zo, mai sauƙi ce, irin wadda Talal yake cafewa yana hira. Ta daki tafinsa ta faɗi. Babu wanda ya yi dariya. Baba ya ja tsaki, irin wanda na sani tun ina yarinya. Sai wani saurayi daga cikinsu, da kyakkyawar niyya, don ya ƙarfafa masa gwiwa, ya ɗaga murya ya ce, "Yalla, ya ibn Garu." Wato ɗan Garu.

Talal bai dubi Baba ba. Motar ya juyo ya duba, ya gan ni da waya a hannu.

Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Sai bayan kwana biyu, yana kai ni wani gidan biki, muna tsaye a danja, ya yi magana idonsa na kan titi.

"Wuri ɗaya gare ni a duk Makka, Yaya. Wahid."

Na ce don shi na yi. Ya ce ya sani. Fitila ta ba da hannu, ya ja mota.

Bai sake komawa Kudai ba. Ko hanya ta biyo da mu ta can, sai ya zaga ta wani titin ko da ya fi nisa. Lokacin hajji yana tuƙa motar ruwa a Arfa, sauran shekara yana tsaron shagon waya na wani abokin Baba, inda masu saye suke tambayarsa ya Garu yake. Ranar Juma'a barci yake yi har a kira salla. Yana gaishe ni, yana kai ni duk inda na ce, bai taɓa ɗaga min murya ba. Dariyar nan dai ban ƙara ji ba.

Baba kuwa yanzu bidiyo biyu gare shi. In baƙo ya gama kallon na farko sai ya nuna masa na Kudai, ya ce a duba, har mutanen Pakistan sun san darajar gidan nan. Wani lokaci yakan ƙara da cewa Munira ce ta ɗauka, hannunta ko rawa bai yi ba.

Rigar ta dawo min da yammacin waccan Juma'ar ta Kudai, da ƙurar kwalta a gaba da warin gumin ƙanena a wuya. Baba ya ce a yi maza a gyara ta kafin dattin ya kama. Na wanke ta da hannu, na shanya a inuwa, na goge ta ta ciki don kada lambar ta narke.